Fam Biyar Ta Kwana a Bridlington

A watan Agusta garin nan ba ya runtsawa.
Jirgin ƙasa yakan amayo su daga Leeds da Hull,
da yara, da bokitai, da kafaɗu ja wur kamar nunannen gauta,
su ci kifi da dankali a tsaye,
tsuntsayen teku na fizge musu loma daga hannu.
Kuɗi kuwa kamar ruwan sama bisa kwano:
ƙara mai yawa, ɗaki a bushe.
Su sauka da hantsi, su bi jirgin magariba,
ko su shige asusun wani kamfani
da bai san ƙarnin bakin ruwanmu ba.

Nuwamba na shigowa sai a ja ƙofofin ƙarfe.
Dawakin lilo su kwanta cikin tamfol.
Otal ɗin da nake gyaran gadaje
ya ce mu dawo in rana ta dawo.

Aka kira taro a zauren gari.
Wani saurayi mai kwat ya haska bango da zane-zane,
layi na hawa, layi na gangara,
har Derek Cammish, mai jirgin ƙaguwa, ya miƙe
yana murza hularsa:
"Shekara arba'in ina riga alfijir fita.
Abin da na kamo, tirela ke kai shi Faransa.
Jikata ba ta san ɗanɗanonsa ba, a garin ubanta."

Ni ban ce uffan ba. 'Yar Yawuri ce ni,
da hayaƙi a zanena na girma,
gindin bandar kakata Lantana,
mai cewa kuɗi baƙo ne,
in ba ka yi masa shimfiɗa ba, gidan wani zai kwana.

Washegari na tare Derek a kan dakalin jirage.
Bayan shagon igiya akwai tsohon ɗakin banda,
gizo-gizo ne kaɗai ke haya a ciki.
Shi ya kawo kifi,
ni na kawo citta da masoro da barkonon da ƙanwata ta aiko.
Karon farko rabi ya zama gawayi.
Mai duba tsabta ta zo sau uku, takardunta sun fi kifin nauyi.
Maƙwabta suka kai ƙarar hayaƙi,
sannan suka dawo da faranti.

Wata Asabar cikin Janairu,
teku na marin katanga kamar tana bin ta bashi,
Misis Pockley ta miƙo min fam biyar
mai ɗigon shuɗin fenti a kusurwa.
Na ba Derek, kuɗin kifi.
Derek ya ba yaron da ke ɗinke masa koma.
Yaron ya sayi burodi wurin Bartek,
Bartek ya biya mai wanke masa taga.
Ban bi sawunta ba, daga baya aka ba ni labari.
Ranar Alhamis ga ta a tafina,
ɗigon na nan, tana ƙamshin gari da sabulu.
Kwana biyar, gida biyar,
ba ta leƙa tasha ba.

Ba arziki muka yi ba, kar a ji ni a karkace.
Rufin na yoyo daidai kan buhun gishiri.
Rabin gidajen layinmu sai da bazara ake kunna musu wuta,
haya kuma na hawa kamar ba ta san hunturu ba.
Amma yaron koma, da ya ɗaure jakarsa zai tafi Leeds,
ya kwance ta.
Ya ce zai ga abin da Afrilu za ta kawo.

Na so in ɓoye takardar a ƙasan akwati,
sai na ji Lantana ta yi tsaki daga can nesa:
baƙon da aka kulle ai fursuna ne.
Na sa rigar sanyi, na fita cikin yayyafi,
na sayo itace da ita.